Babi na Biyar: Maganin da Farashinsa Ba Ya Tashi

"Mutumin da bai ci ya ƙoshi ba, da wane ƙarfin zai motsa jiki?" Tun da tsadar rayuwar nan ta kama mu, duk majalisar da na kawo zancen motsa jiki, wannan ce tambayar da ake fara jefo mini. Wani ya ƙara da cewa ai abin na masu tumbi ne, waɗanda suka ci suka yi hani'an suke neman inda za su kai kitse. Talaka kuwa, wahalar neman na tuwo ma ta ishe shi atisaye.

Akwai gaskiya a cikin tambayar, shi ya sa ta cancanci amsa a tsanake. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin adaidaita sahu ya bi ta, kwanon masara ya bi su, maganin hawan jini da na suga da ake saya a kemis duk wata shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Mutanen da suka manta rabon da su taka daga unguwa zuwa kasuwa suka koma taka sayyada ba don suna so ba. To wannan tafiyar ta dole, asara ce zalla, ko kuwa akwai abin da jiki ke tsinta a cikinta? Akwai wata ƙasa da ta riga mu shiga irin wannan hali, kuma likitoci sun bi diddigin abin da ya sami jikin mutanenta.

Abin da ya faru a Kyuba

Kyuba tsibiri ce da ba ta da nisa da gaɓar Amurka, mai mutum kusan miliyan 11 a wancan lokacin. Ta shekara talatin tana jingine da Tarayyar Sobiyet: ta aika sukari, a aiko mata da man fetur da alkama da takin zamani da kayan gyaran injuna a kan rahusa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, sai bangon da aka jingina da shi ya faɗi, ga kuma takunkumin Amurka yana nan daram. Motocin bas suka tsaya. Aka jingine taraktoci aka koma huɗa da shanu. Wutar lantarki sai a ɗauke ta sa'o'i masu yawa a yini. Gwamnatin Fidel Castro ta sa wa zamanin suna "lokaci na musamman", ta kuma sayo kekuna sama da miliyan guda daga ƙasar Sin, aka sayar wa ma'aikata da ɗalibai da araha. Likita a kan keke, malamin jami'a a kan keke, wanda bai samu ba ya taka da ƙafa.

Bayan an shekara da dama, wani likita ɗan ƙasar Sifen mai suna Manuel Franco da abokan aikinsa suka tattara alƙaluman lafiya na ƙasar, suka haɗa da awon da aka riƙa yi wa mutanen birnin Cienfuegos lokaci zuwa lokaci. Sun fitar da sakamakon a 2007, suka sake faɗaɗa shi a 2013. Abincin da mutum ke samu a rana ya sauko daga kalori kusan 2,900 zuwa ƙasa da 1,900. Manyan mutane masu motsa jiki isasshe sun tashi daga kashi 30 cikin ɗari zuwa 67. A tsakaice kowane baligi ya zubar da kilo biyar ko fiye da haka kaɗan, masu ƙiba sosai kuma suka ragu da rabi. Sai ga abin da ya ba kowa mamaki: tsakanin 1997 da 2002 mutuwa ta dalilin ciwon suga ta ragu da kashi 51 cikin ɗari, ta ciwon zuciya da kashi 35, ta shanyewar ɓarin jiki da kashi 20.

Kilo biyar a jikin mutum ɗaya ba abin a zo a gani ba ne, ko ɗinkin rigarsa ba lallai ya sake ba. Amma da ƙasa guda ta zubar da shi tare, ta kuma koma tafiya tare, sai aka ga bambancin har a maƙabarta. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: ɗan canji kaɗan a jikin kowa da kowa ya fi babban canji a jikin mutum ƙalilan.

Labarin bai tsaya nan ba. Da tattalin arziki ya farfaɗo, mai ya fara shigowa daga Benezuwela, motoci suka dawo kan titi, abinci ya wadata, sai aka jingine kekuna. Ƙibar ta dawo har ta wuce ta da, kuma zuwa 2010 masu ciwon suga sun ninka fiye da sau biyu. Abin da dole ta kawo, da dolen ta kau sai ya bi ta.

Yunwa ba magani ba ce

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe talauci alheri ne. Mutanen Kyuba sun ji jiki. Tsakanin 1992 da 1993 sama da mutum 50,000 suka kamu da wata cutar jijiyoyi da ke dusashe gani, ta kuma sa ƙafafu su riƙa zugi da mutuwa, saboda ƙarancin sinadaran abinci, musamman dangin bitamin B. Sai da gwamnati ta riƙa raba ƙwayoyin bitamin ga jama'a kafin abin ya lafa. Tarin fuka ya ƙaru. A 1994 sama da mutum 30,000 suka faɗa teku a kan kwale-kwalen da suka harhaɗa da katako da tayoyi, suna neman gaɓar Amurka. Mutum ba ya jefa kansa a teku don daɗi ya ishe shi.

Saboda haka mai tambayar nan ta majalisa bai yi kuskure ba. Jikin da ba ya samun abin da zai riƙe shi, in aka ƙara masa aiki, ci baya zai yi. Abubuwa biyu ne suka zo wa Kyuba a ƙunshi guda: yunwa da motsi. Yunwar ta makantar, ta kashe tsofaffi da marasa ƙarfi. Motsin, tare da raguwar kitse da taba, shi ya kare zuciya. Aikinmu shi ne mu kwance ƙunshin, mu yaƙi ɗaya mu riƙe ɗaya.

Me motsi ke yi a cikin jiki?

Ɗauki jini a matsayin kasuwa, sukarin da ke cikinsa kuma haja ce da aka sauke bayan an ci tuwo ko shinkafa. Babban mai sayen wannan haja shi ne tsoka, musamman ta cinyoyi da duwawu da baya. Idan mutum yana zaune, tsoka ba ta buɗe ƙofarta sai sinadarin insulin ya zo da mabuɗi. A jikin mai ciwon suga irin na manya, kwaɗon ya yi tsatsa, mabuɗin yana shiga da ƙyar, sai haja ta yi kwantai a cikin jini tana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Amma da zarar tsoka ta fara aiki, da kanta take buɗe ƙofa ta ja sukari ba tare da jiran mabuɗi ba, kuma kwaɗon yana zama da laushi har kwana ɗaya zuwa biyu bayan an huta. Shi ya sa tafiyar minti goma bayan cin abinci take da amfani, shi ya sa kuma tafiya kaɗan-kaɗan kusan kullum ta fi gudun famfalaƙi na ranar Asabar kawai.

Hanyoyin jini kuwa kamar tiyon ban-ruwa suke. Wanda ake amfani da shi kullum yana zama da laushi, wanda aka yasar a rana sai ya ƙandare. Mai hawan jini da ya riƙe tafiya da sauri a kai a kai, lambar sama ta awonsa takan sauko da kamar 5 zuwa 8. Ga kuma barci, da sauƙin damuwa. A zamanin da magidanci ke kwana yana lissafin kuɗin makaranta da na haya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Likitoci ba da ka suka gano wannan ba. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala ɗaruruwa yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, in ya kama su kuma ya fi saurin kashe su. A 2002 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, kamuwarsu ta ragu da kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara cimarsu da rage ƙiba kaɗan, tasu ta ragu da kashi 58. Ƙafa da kwano sun kusa ninka ƙwaya.

Wannan minti 150 shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi a mako, wato rabin awa sau biyar. Yara kuma awa guda a kullum. Ma'aunin saurin ba ya bukatar agogo: ka riƙa tafiya yadda za ka iya hira da na kusa da kai, amma in ka ce za ka ja dogon baiti da murya numfashi ba zai bari ba.

Ba kowa ake cewa ya ƙara ba

A nan ne ake yawan yi wa talaka rashin adalci. Ɗan garuwan da ke tura kura mai jarka goma sha biyu tun asuba, da ɗan dakon da ke sauke buhuna a kasuwar Dawanau, da manomin da ke duƙe da fartanya har azahar, babu mai hankalin da zai ce musu su je su yi tattaki da yamma. Abin da suke bukata shi ne hutu, da ruwa, da abinci mai riƙe ciki. Binciken da aka yi a kan ma'aikata a ƙasashen Turai ma ya nuna cewa ɗaukar kaya mai nauyi yini guda babu hutu ba ya ba zuciya irin ribar da tafiya ko wasan ƙwallo ke ba ta.

Amma ka leƙa garinku da kyau ka ƙirga masu zama. Direban adaidaita yana kan kujera tun safe har dare. Tela yana kan keke, wanda yanzu ma na lantarki ne, ƙafa ba ta taka komai. Mai POS yana ƙarƙashin lema, mai cajin waya yana cikin kes, ɗan kasuwar Kantin Kwari yana kan tabarma tsakanin dilolin atamfa. Yawancin waɗannan ba masu kuɗi ba ne. Abincin da aljihunsu ke iya saya kuma shi ne mai cika ciki da araha: taliya, farar shinkafa da mai da yaji, burodi da shayi mai zaƙi. Zama da irin wannan cima su ne takin ciwon suga da hawan jini. Tuni waɗannan cututtuka suka daina zama na attajirai. Bambancin kawai shi ne attajiri yana da kuɗin magani da na wankin ƙoda, talaka kuwa in ta kai shi can, sai an sayar da gona ko fili.

Kawu da abokan asubarsa

Ina da kawu, tsohon malamin firamare, wanda hawan jini ya kama tun kafin ya bar aiki. Watanni kaɗan bayan mai ya yi tsada na je gaishe shi, na tarar da mashin ɗinsa a zaure an lulluɓe shi da tsohon buhu, ƙura ta kwanta a kai. A kan taga kuma ga fakitin maganinsa. Na ɗauka na duba, sai na ga ƙwayoyin da suka rage sun fi ƙarfin kwanakin da suka saura a wata.

Na ce, "Kawu, kuna shan maganin nan kullum kuwa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, yau in sha, gobe in tsallake. Da haka yake kai ni wata biyu."

Maganar magani muka fara gyarawa, domin wannan ba abin wasa ba ne, mu 'ya'ya muka raba kuɗin a tsakaninmu. Tafiyar kuwa shi ya ƙirƙiro abarsa. Da yake mashin ya kwanta, sai ya fara zuwa karatun asuba a wani masallaci da ke can bakin titi, shi da wasu dattawa uku na layinsu. Zuwa minti ashirin, dawowa minti ashirin, kafin rana ta yi zafi. Da farko a hanya sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Bayan wata uku shi ke gaba, carbi a hannu, yana ce wa sauran su ɗaga ƙafa.

Abin da ya fi burge ni ba saukar awonsa ba ne, ko da yake ya sauka. Su huɗun nan sun yi karo-karo sun sayi na'urar awon jini guda, tana kwana a gidan wannan yau, gobe a gidan wancan. Wata asuba ɗayansu bai fito ba. Da a da ne, sai a kwana biyu ba a lura ba. Ran nan suka ƙwanƙwasa ƙofa, suka tarar bakinsa ya ɗan karkace, magana tana sarƙewa, iyalinsa suna shafa masa man zafi suna jiran gari ya waye. Su suka tsayar da adaidaita suka kai shi asibiti. Yanzu yana takawa da sanda, kuma har yau yana cikin ayarin.

Mata da yara fa?

Kakanninmu mata ba su san kalmar atisaye ba, amma sun yi surfe da daka da niƙa a dutse, sun ja guga a rijiya. Ba na fatan wannan wahala ta dawo, injin niƙa rahama ne. Sai dai ya tafi da motsin bai bar komai a gurbinsa ba, kuma a birni tsakar gida sai ƙara tsukewa take yi. Mace za ta yini tana aiki ta gaji liƙis, amma yawancinsa a zaune ko a duƙe. Na ga gidan da matan ke zagaya tsakar gida bayan la'asar, uwargida tana ƙirga zagayen da tsakuwa a gefen zani. Na ga kuma matan layi ɗaya da suka daina haɗa kuɗin adaidaita zuwa Islamiyya, suka koma tafiya a ayari cikin hijabansu. Maigidan da ya ba da goyon baya ga irin wannan, kuɗin asibiti ya rage wa kansa.

Yara kuwa ba sai an roƙe su ba, fili kawai suke nema. Langa da kokawa da 'yar gala-gala da gaɗa ba su taɓa cin ko kwabo ba. Abin da ke kashe su shi ne duk filin da ya rage a unguwa an yanka shi an yi shaguna.

Abin da unguwa za ta iya

A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe wasu tituna ga motoci. Yau kowace Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, ana rufe sama da kilomita 120 a bar wa masu tafiya da masu keke. Ba a gina sabon titi ba, wanda ake da shi aka ara na 'yan sa'o'i. A birnin Recife na Burazil kuma, a 2002 hukuma ta fara tura masu koyar da motsa jiki dandalin unguwanni kyauta, abin ya karɓu har gwamnatin ƙasar ta ɗauke shi a 2011.

Namu ba sai ya kai haka ba. Mai unguwa da kwamitin masallaci da shugaban makaranta za su iya zama su amince a buɗe filin firamare bayan an tashi, a ware wa mata rana ko sa'a tasu. Za su iya tsayawa kai da fata kada a yanka filin ƙwallon samari. Aikin gayya na yashe kwata ribarsa biyu: gumi ya fita, sauro ya ragu. Darbejiyar da aka dasa a bakin layi ita ce za ta sa tafiyar ƙafa ta yiwu a watan Afrilu. Inda kuma ake fargabar masu ƙwacen waya, tafiya a ayari ita ce kariya, ita ce kuma ke tayar da mai kasala, domin kunyar a ƙwanƙwasa maka ƙofa ta fi kowace ƙararrawa ƙarfi.

Kafin ka ɗaura takalmi

Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako. A zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa, musamman da bazara. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ya tsaya nan take ya nemi likita. Mai ciwon suga kada ya yi tafiya babu takalmi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, in kuma yana allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai, ya sa dabino biyu ko uku a aljihu. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. Kada kuma wanda aka ɗora a kan magani ya ajiye shi don ya fara tattaki. Likitan da ya rubuta shi ne kaɗai zai rage shi, bayan ya ga awo.

Saura rabin tambayar da muka faro da ita, wato maganar ƙoshi. Ƙafar da za ta yi rabin awa tana tafiya sai da abin da zai riƙe ta, kuma mun ga abin da ƙarancin sinadarai ya yi wa idanun mutanen Kyuba. A babi na gaba za mu shiga kasuwa da kuɗin cefanen da ke hannu a yau, mu ga abin da wake da gero da ƙuli-ƙuli da zogale za su iya yi wa tukunyar gidan mutum takwas.